Kore A Kan Ruwa: Yadda Ake Bambance Kainuwa Da Danginta A Tafkunan Katagum

Daga ƙarshen watan Satumba, lokacin da damina ta fara naɗe tabarmarta, duk matafiyin da ya bar Azare ya nufi arewa zuwa tsohon garin Katagum zai yi ta wuce ruwaye kwance a gefen hanya. Akwai ramukan da aka haƙi ƙasar gini, akwai kududdufan bakin gari, akwai kuma tafkunan da kogin Jama'are ke bari a fadama bayan ya janye. A da yawa daga cikinsu ba a ganin fuskar ruwan, domin wani koren mayafi ya lulluɓe shi daga wannan gaɓa zuwa waccan, har baƙo kan ɗauka fili ne mai ciyawa.

Idan ka tsaya ka tambayi mutum uku sunan wannan mayafi, kana iya samun amsa biyu: wani ya ce kainuwa ce, wani ya ce gansakuka. Kowannensu yana iya yin daidai, kowannensu kuma yana iya yin kuskure, saboda abin da ido ke gani daga cikin mota a matsayin abu guda tsirrai ne iri-iri da ba su haɗa hali ba. A cikinsu akwai wanda ya cancanci zama abincin kifi da kaji, akwai takin shinkafa, akwai maɓoyar sauro, akwai kuma wanda zai iya kashe saniyar da ta sha ruwansa.

Wannan bambanci ya shafi makiyayi da masunci da mai noman rani a Zaki da Gamawa da Itas/Gadau. Ya kuma shafi ma'aikacin da ke zaune a Abuja yana rubuta takardar neman kuɗin share ciyawar ruwa, ko yana duba shawarar da wani ya kawo ta noma ta don ciyar da dabbobi. Kafin a share, ko a noma, tambayar farko ita ce: wace ce daga cikinsu?

Suna ɗaya, tsirrai da yawa

A teburin tace labarai, inda nake aiki, wannan matsala takan zo ne ta hanyar fassara. Rahoto zai iso da Turanci yana maganar wata ciyawa da ta toshe hanyar ruwa, mai fassara ya rubuta kainuwa. Washegari wani rahoton ya zo yana yabon wata ciyawar ruwa mai gina jikin kifi, a sake rubuta kainuwa. Mai karatu da ya haɗa labaran biyu zai ɗauka tsiro ɗaya ake zagi jiya ake yabo yau, alhali kuwa tsirran biyu ko kama ba su yi ba.

Hausa ba ta rasa sunaye ba. Tana da kainuwa, wadda ake yi wa kirari da dashen Allah saboda tana yawo a kan ruwa ba tare da ta kama ƙasa ba. Tana da bado, da gansakuka, da kachalla. Inda sunayen suka yi ƙaranci shi ne wajen ƙananan tsirran nan masu girman ƙwayar gero ko riɗi, waɗanda Turawa suka ba sunan da ke nufin ciyawar agwagwa, saboda yadda agwagi ke wawure su. Da wannan suna za mu kira su a nan.

Ƙasar Katagum tana da tsohuwar alaƙa da aikin tantance tsirrai. A watan Janairun 1824, Hugh Clapperton da abokin tafiyarsa Dokta Walter Oudney sun sauka a Katagum, garin da Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin masu riƙe da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19. Oudney likita ne mai tattara tsirrai, kuma ajali ya riske shi a Murmur, kusa da Katagum, a cikin watan nan. Masanin tsirrai Robert Brown ya yi nazarin abin da ya tattara, aka buga a 1826. A farkon ƙarni na 20 kuma wani likitan, John McEwen Dalziel, ya tattara tsirrai masu yawa a gundumar Katagum, ya kuma wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, shekarar da aka mayar da fadar Sarkin Katagum zuwa Azare. Aikin Dalziel ya ginu ne a kan tambayar manoma da masu magani sunan abu, sannan a gwada shi da abin da ke hannu. Hanyar nan har yau ba ta tsufa ba.

Fara da sanda

Gwajin farko ba ya buƙatar komai sai doguwar sanda. A tsoma ta cikin koren, a ɗago a hankali, a duba abin da ya biyo ta.

Idan zare-zare ne masu santsi suka rataya a jikinta kamar jiƙaƙƙen gashi, wannan ita ce gansakuka ta yau da kullum. Tana ɓata ruwa, tana toshe bututun injin ban-ruwa, amma galibi ba ta da dafi. Idan kuwa 'yan ƙananan ganyayyaki ne suka manne, kowanne da siffarsa, waɗanda za a iya ɗauka ɗaya-ɗaya da tsinke, to ciyawar agwagwa ce ko wata 'yar uwarta, kuma za mu dawo kanta.

Abin tsoro shi ne na uku. Idan sandar ta fito kamar an tsoma ta a koren fenti, babu zare babu ganye, kuma ruwan kansa ya rine, wani lokaci da shuɗi-shuɗi a bakin gaɓa da wari, to akwai yiwuwar wasu ƙwayoyin halitta ne da masana ke kira sayanobakteriya. Suna yaɗuwa a ruwa mai ɗumi, marar motsi, wanda taki ko kashin dabbobi ya yi wa yawa. Wasunsu na fitar da dafin da ke lalata hanta, wasu na taɓa jijiyoyi, kuma tafasa ruwan ba ya kashe dafin. A 2020, giwaye fiye da 300 sun mutu a ƙasar Botswana, kuma hukumomin ƙasar sun ɗora alhakin a kan irin wannan dafi da ke cikin ruwayen da giwayen suka sha.

Akwai gwaji na biyu mai sauƙi. A ɗebi ruwan a kwalba mai haske, a ajiye a wuri mai sanyi ya kwana ba tare da an girgiza ba. Gansakuka ta gari takan kwanta a ƙasa, su kuwa waɗannan ƙwayoyi sukan taru a sama su yi zobe. Gwaje-gwajen biyu manuniya ce kawai, tabbaci sai ɗakin bincike. Amma sun isa su sa makiyayi ya karkatar da garkensa zuwa wani mashayin, musamman a watannin Maris da Afrilu, lokacin da tafkuna ke ƙafewa, ruwan da ya rage ya yi kauri, dabbobi kuma ba su da zaɓi mai yawa.

Manyan da ido ke iya rabewa

Kainuwa ta asali, wadda masana ke kira Pistia stratiotes, ba ta da wuyar ganewa. Ganyenta a jere yake kamar buɗaɗɗen kabeji, mai kauri, mai laushin gashi wanda ruwa ba ya jiƙawa, da jijiyoyi a miƙe daga gindi zuwa baki. A ƙarƙashinta akwai tulin saiwoyi kamar gemu. Girmanta kan kai tafin hannu ko fiye. Tana haihuwa ta hanyar miƙa reshe a kan ruwa, 'ya ta fito a ƙarshensa. A jikin saiwoyin nan ne tsutsar wani sauro na gidan Mansonia ke maƙalewa tana zuƙar iska daga cikin tsiron, ba sai ta taso saman ruwa ba, kuma wannan sauro yana cikin masu iya ɗaukar tsutsar ciwon tundurmi. Ganyen kainuwa yana ɗauke da irin sinadarin da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin masana sun sanya kainuwa da gwaza da ciyawar agwagwa a babban dangi guda.

Ta biyu baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, wadda aka daɗe ana kira Eichhornia crassipes. Alamarta ita ce kumburarren hannun ganye mai kama da ƙaramin gora, ganye mai sheƙi, da fure mai launin shuɗi zuwa shanshanbale. Ta shigo Najeriya ta ruwayen Badagry a 1984, daga baya ta kai kogin Neja da tafkin Kainji. Kyawun furenta ne ya sa aka yi ta yawo da ita a duniya, kuma duk inda ta sauka ta zama annoba ga masu jirgin ruwa da masunta. Wanda ya gan ta a sabon wuri, rahoto ya kamata ya kai, kada ya ɗauka gida don ado.

Bado da kachalla ba sa cikin masu yawo, domin dukkansu sun kafa saiwa a cikin laka. Bado ganyensa ne kawai ke kwance a kan ruwa. Kachalla kuwa tana tsaye, ta fi mutum tsawo, kuma ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Hadeja da Nguru bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke zuwa da janyewa. Yawancin rahotannin toshewar ruwa daga wannan yanki maganarta suke yi, don haka kuskure ne a fassara ta da kainuwa.

Sai Azolla, wadda ta fi saurin rikita mutane saboda ita ma ƙarama ce. Idan aka ɗora ta a tafin hannu za a ga tana da rassa, ganyayyakinta kuma sun hau kan juna kamar ɓawon kifi, da taushi irin na karan-miski. Idan rana ko sanyi ya matsa mata takan koma ja, har tafki ya yi kamar an zuba masa jar ƙasa. Ba ta fure ko kaɗan. A cikin ganyenta akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka shafe ɗaruruwan shekaru suna renon ta a gonakinsu a matsayin taki. Ga mai noman shinkafa a fadamar Jama'are, wanda farashin buhun taki ke hana barci, wannan bayani ne mai daraja.

Ƙirga saiwa

Yanzu mu zo kan ciyawar agwagwa kanta. Masana sun lissafa nau'i 36 a duniya, sun raba su gida biyar: Spirodela, Landoltia, Lemna, Wolffiella da Wolffia. Jikin kowace ƙwaya abu ne guda da ya haɗa aikin ganye da na kara. Tana yin fure, amma ƙanƙantarsa ta kai sai da madubin ƙara girma ake ganinsa, kuma ba kasafai take yi ba. Wanda ya fi kowa hidimta wa wannan fanni shi ne Elias Landolt, masani ɗan ƙasar Suwizalan da ya yi aiki a Zurich, wanda babban littafinsa a kan dangin ya fito a 1986. Don girmama shi aka raɗa wa gida guda sunan Landoltia.

Hanyar raba gidajen biyar tana da sauƙi fiye da yadda sunayen ke nunawa. A samo farin faranti, a zuba ruwa kaɗan, a saka 'yan ƙwayoyi, a kife ɗaya da tsinke, a ƙirga saiwoyin da ke ƙarƙashinta.

Idan saiwoyin sun yi yawa kamar tuntu, daga bakwai zuwa sama, Spirodela ce. Ita ce babbar gidan, faɗinta kan kusan kai santimita ɗaya, kamar farcen ƙaramin yatsa, kusan a zagaye take, kuma cikinta yakan yi ja mai duhu. Idan saiwoyin kaɗan ne, biyu zuwa bakwai, jikin kuma ya fi tsawo a kan faɗi kamar tafin takalmi, Landoltia ce, wadda nau'i ɗaya tak gare ta.

Idan saiwa ɗaya ce tilo ga kowace ƙwaya, Lemna ce, kuma ita za a fi cin karo da ita. Nau'in da ya mamaye ƙasashe masu zafi, har da Najeriya, shi ne Lemna aequinoctialis. Tsawonta milimita biyu zuwa biyar ne galibi, kamar ƙwayar riɗi, kore ce mai haske sama da ƙasa, ba ta da jan ciki. Da madubi za a ga bakin saiwarta mai tsini ne, gindin saiwar kuma yana da wasu 'yan fukafukai guda biyu. Waɗannan alamomi ne ke raba ta da Lemna minor, wadda ta fi yawa a Turai da sauran ƙasashe masu sanyi, mai dunƙulallen bakin saiwa marar fukafuki. Akwai kuma Lemna gibba, wadda cikinta ke kumbura kamar soso.

Wannan bambanci yana da amfani a aikace. Sunan Lemna minor ya cika littattafan Turai, shi ya sa mai rubuta rahoto kan yi saurin liƙa shi ga duk ƙaramar ciyawar da ya gani. Idan aka yi haka, sai a ɗauko alƙaluman da aka samo a kan tsiron ƙasar sanyi a ɗora wa tsiron da ke rayuwa a zafin Azare, lissafi ya karkace tun daga tushe.

Idan babu saiwa ko ɗaya, saura gida biyu. Wolffiella falale take, siririya kamar ɓawon albasa, sau da yawa tana rataye ne a ƙarƙashin fatar ruwa kaɗan, shi ya sa ake wuce ta ba a lura ba. Afirka na da nau'o'inta, ciki har da Wolffiella welwitschii, mai ɗauke da sunan Friedrich Welwitsch, masanin da ya yi aikin tattara tsirrai a Angola. Wolffia kuwa dunƙulalliya ce kamar ƙwayar acca, ba ta cika wuce milimita ɗaya ba. Idan aka murza ta tsakanin yatsu za a ji ta kamar tsaki. A gidanta ne ake samun mafi ƙanƙantar tsiro mai fure a duniya, kuma nau'in Wolffia arrhiza yana cikin waɗanda ake samu a Afirka. Ita ce aka fi ɗauka a matsayin gansakuka, domin daga nesa kamar koren gari take a kan ruwa.

Sau da yawa nau'i biyu ko uku kan zauna a tafki ɗaya a cakuɗe, don haka ƙwaya ɗaya ba ta isa hukunci ba, sai a duba goma ko ashirin daga kusurwoyi daban-daban. Ƙirgar saiwa tana kai mutum ga gida. Raba nau'o'in cikin gida ɗaya, musamman na Lemna, aiki ne da kan gagari ƙwararru ma, har sai sun koma ga gwajin ƙwayoyin gado.

Yadda take zuwa, da yadda take cika tafki

Mutum zai yi mamakin yadda ramin da ya bushe ƙayau a watan Afrilu zai cika da wannan ciyawa a watan Agusta. Hanyoyin uku ne. Ambaliya tana kwaso ta daga wani ruwan. Tsuntsayen ruwa, irin su kirinjijiya da dinya da agwagin da ke ƙaura daga Turai zuwa dausayin Hadeja da Nguru a lokacin sanyi, suna ɗaukar ta a ƙafa da gashi. Sannan ita kanta tana da dabarar jiran damina: Lemna aequinoctialis tana cikin masu yawan yin iri, irin kuma yana jure zama a busasshiyar laka, ita kuwa Spirodela takan yi wasu ƙwayoyi masu nauyi da ke nutsewa ƙasa su yi kwanton ɓauna.

Da zarar ta samu ruwa mai kwanciya da abinci, kowace ƙwaya tana tsirar da 'ya daga gefenta, 'yar ta ɓalle ta ci gaba. A yanayi mai kyau, yawanta kan ninka cikin kwana biyu zuwa huɗu. Idan muka ɗauki kwana uku, cikin wata guda ta ninka sau goma a jere, wato abin da ya fara da cikin cokali ya haura cokali dubu. Tafkin da aka gani rabinsa a rufe ranar Litinin yana iya rufewa gaba ɗaya kafin Juma'a.

Ba ta son ruwa mai gudu, shi ya sa ba a ganinta a tsakiyar kogin Jama'are sai a lungunansa. Yawanta a kududdufi kuma saƙo ne: ruwan yana samun abinci fiye da kima, daga kwata, ko turken dabbobi, ko takin da ruwan sama ya wanko daga gona. Wanda ya kwashe ta bai tare hanyar ƙazantar ba, ya sani za ta dawo kafin sati biyu.

Abin da ke cikinta

Dalilin da ya sa duniya ta damu da wannan ƙaramin tsiro shi ne furotin. Fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyin ɗanyarta ruwa ne, amma idan ta bushe, furotin kan kai kashi 20 zuwa 40 cikin 100, gwargwadon nau'i da kuma ruwan da ta girma a ciki. Masu bincike a cibiyar nazarin kifin ruwan daɗi da ke New Bussa sun auna wadda ke yankin tafkin Kainji tun a 1988, a ƙarƙashin tsohon sunanta Lemna paucicostata, wanda yanzu aka haɗe da Lemna aequinoctialis. Wato tsiro ɗaya yana iya bayyana da suna biyu a takardun da ke kabad ɗaya.

A Tailan da maƙwabtanta, mutane sun daɗe suna cin Wolffia globosa, suna kiranta da sunan da ke nufin ƙwan ruwa. A ƙarshen 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar da ita da Wolffia arrhiza a matsayin abinci. Ba a banza aka fara da su ba: gidan Wolffia ba shi da ƙananan alluran sinadarin nan mai ƙaiƙayi da ake samu a Lemna da Spirodela. A Mirzapur ta ƙasar Bangladesh kuma an yi amfani da ciyawar agwagwa wajen tace ruwan ƙazanta, ana kwashe ta ana ciyar da kifi, aikin da Bankin Duniya ya wallafa bayaninsa a 1993.

Ga mai kiwon kifi a Azare ko Gadau, wanda abinci ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da yake kashewa, labarin yana da daɗin ji, amma yana da iyaka. Karfasa tana cin ta ɗanya da marmari. Tarwaɗa, wadda ita aka fi kiwatawa, ta fi son abinci mai nama, don haka sai dai a busar a haɗa mata kaɗan a cikin abincinta. Agwagi da kaji suna ci, kuma tana ƙara wa gwaiduwar ƙwai launi. A kowane hali ƙari ce a kan abinci, ba ta maye gurbin masara da waken suya gaba ɗaya. Yawan ruwan da ke jikinta kuma yana nufin buhu goma na ɗanya ba zai ba da nauyin buhu ɗaya na busasshiya ba.

Haɗarinta yana tare da amfaninta. Ƙwarewar da take da ita wajen tsotse abin da ke cikin ruwa ba ta zaɓe: tana tsotsar taki, tana kuma tsotsar dalma da sauran ƙarafa masu guba. Saurin nuna alamar gurɓata ya sa ake amfani da Lemna a ɗakunan bincike na duniya wajen gwada dafin magungunan feshi. Saboda haka wadda aka kwaso daga kududdufin da kwatar gari, ko ruwan gareji, ko na masu fasa batir ke malala ciki ba ta dace da bakin dabbar da mutum zai ci ba. Wadda za a ciyar sai a rene ta a keɓaɓɓen rami da ruwan da aka san asalinsa. Haka kuma, idan aka bar ta ta rufe tafkin kifi ruf, tana tare haske da iska, iskar oksijin ta yi ƙasa musamman da asuba. Tarwaɗa tana iya tasowa ta shaƙi iska, karfasa kuwa sai dai a tarar da ita ta juya ciki sama. Mai shiga ruwa don kwasar ta ma yana da nasa haɗarin, domin ruwaye masu ciyayi su ne gidan dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Abin da ya rage ga masu riƙe da fayil

A matakin tarayya, wannan koren mayafi ya ratsa ofisoshi da dama. Ruwan yana ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ruwa da Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Harkar kifi ta koma Ma'aikatar Harkokin Teku da aka kafa a 2023. Abincin dabbobi da mashaya suna hannun Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024. Sauro da tsargiya na Ma'aikatar Lafiya ne. Takarda ɗaya da ta ce ciyawar ruwa kawai tana iya nufin abu daban a kowane tebur da ta sauka.

Gyaran ba ya buƙatar sabon kasafi. Duk takardar da ke neman kuɗin share ciyawa, ko ta raba irinta ga manoma, ya kamata ta zo da sunan tsiron, da hotonsa ta sama da ta ƙasa a kan farin faranti kusa da rula, da sunan tafkin da ranar da aka ɗauka. Kyamarar wayar hannu ta isa ta nuna adadin saiwa. Inda aka yi shakka, akwai ma'ajiyar busassun tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da kuma ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan. A cikin yankin kansa akwai Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare, inda ɗaliban kimiyyar halittu ke neman batun bincike kowace shekara. Jerin abin da ke yawo a kan ruwayen Zaki da Gamawa da Shira, tafki bayan tafki, damina da rani, aiki ne da ɗalibai za su iya yi da faranti da tsinke da madubi.

Sanin sunan shi ke faɗa wa jami'i matakin da zai ɗauka. Kachalla aikin injin yanka ce da gyaran tafiyar ruwa. Baƙuwar Kudancin Amurka a tare ta tun tana 'yar kaɗan. Koren fenti a killace mashayin, a sanar da makiyaya, a aika da ruwan gwaji. Azolla da ciyawar agwagwa kuwa, idan ruwansu mai tsabta ne, asara ce a biya ɗan kwangila ya kwashe su ya zubar, alhali mai kiwon karfasa da mai gonar shinkafa suna bakin tafkin.

Ma'aikatan da suka fito daga wannan yanki, waɗanda za su je gida hutun ƙarshen shekara, za su tarar da tafkunan sun fara ja baya amma ba su ƙafe ba. Minti goma a bakin ɗaya daga cikinsu, da sanda da farin faranti, sun isa mutum ya dawo ofis ya san abin da ake nufi idan takarda ta gaba ta iso teburinsa tana maganar kainuwa.